Na'urar sa ido kan lafiyar gada: in zuba jarina?

Tambaya: Ina sayar da wayar faiba da kayan intanet a Kano, ina da yara huɗu masu haɗa waya. Wani abokina injiniya ya ce yanzu ana liƙa irin wannan waya a jikin gada ko madatsar ruwa ta riƙa sanar da tsagewa tun kafin ido ya gani. Yana so mu haɗa jari mu sayo na'urar daga waje. In shiga?

Amsa: Alhaji, abokinka bai yi maka ƙarya ba, abin yana aiki. Zaren gilashin nan da ke cikin wayar, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, ana yi masa wasu ƙananan zane a ciki. Idan aka harba haske, kowane zane zai maido da launi guda. Da zarar kankare ya miƙe ko ya lanƙwasa, ko da ɗan kaɗan ne, sai launin ya gusa, na'ura ta karanta. Ba ya tsatsa, ba ya buƙatar lantarki a tsawon wayar, tsawa ma ba ta rikita shi. Tun 1993 aka saka shi a wata gada a Kalgari ta ƙasar Kanada. Bayan gadar Miniyafolis ta Amurka ta rufta a 2007 ta kashe mutum 13, sabuwar da aka gina an cika ta da ɗaruruwan na'urorin awo, har da na faiba.

Buƙata kuwa muna da ita. Wanda ya ga abin da ambaliyar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ba sai an yi masa bayani ba. Ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. A wasu ƙasashe ana shimfiɗa faiba a gefen irin wannan bututu don ta ji motsin mai haƙa ko yoyo.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wayar da kake sayarwa ita ce mafi arha a harkar. Kuɗin yana cikin akwatin da ke harba hasken yana karantawa, da dala ake sayensa, in ya lalace kuma sai an mayar da shi inda aka ƙera. Sannan lambobi kawai yake fitarwa. Zafin rana kaɗai yana gusar da launin, to wa zai bambance zafin Afirilu da tsagewar gaske? Sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, wanda zai sa hannu ya ɗauki alhaki. Ka tambayi abokinka ko yana da ita.

Babban abin da ya fi damuna shi ne mai saye. Gadoji da madatsun ruwa kusan duk na gwamnati ne. Ka san yadda kwangilarta take: a ba ka kafin alƙalami, ka gama aiki, ragowar ka yi ta sintiri a ofis. Wannan kuma aiki ne na sa ido shekara da shekaru, alhali mu kuɗin gini muke warewa, na kulawa sai abin da hali ya yi. Jarin ɗan kasuwa in ya kwanta wata shida, shago ne ke ramewa.

Ni dai da ni ne, ba zan sayi akwatin yanzu ba. Zan shiga ta ƙofar da na iya. Yaranka sun san yanka faiba da haɗa ta ba tare da haske ya zube ba, kuma duk kamfanin da ya ci irin wannan kwangila yana neman masu wannan hannun. Ka nemi aikin shimfiɗawa da haɗawa a ƙarƙashinsu, a biya ka kashi-kashi bisa abin da ka kammala. Ka tura yaro ɗaya ya koyi liƙa wayar a jikin ƙarfe da kankare, domin a nan aiki ya fi lalacewa: gam bai kama ba, ko lebura ya taka ta da baro ranar zuba kankare.

In abokinka ya matsa, ka ce ya fara kawo takardar kwangila guda da aka sa wa hannu. Aikin farko ku yi hayar na'urar, ku sa kuɗin hayar cikin lissafi, kuma ku rubuta yarjejeniyar rabon riba da asara a gaban shaidu kafin ka fitar da ko naira ɗaya.