Tambayi Likita: Sabon maganin lupus zai sa ƙanwata ta bar tsohon?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanwata ce shekara uku kenan tana fama da lupus, an yi ta mata maganin maleriya da taifod kafin a gano. Yanzu tana shan hydroxychloroquine da prednisolone amma fuskarta duk ta kumbura, gashi na zuba, da safe ko kofin shayi ba ta iya riƙewa saboda ciwon gaɓoɓi. Na gani a Facebook wai an samo sabon magani a Amurka, to ta aje na da ne mu nemi wancan? Daga wata 'yar uwa, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Lupus ciwo ne da garkuwar jiki ke juyawa tana yaƙar jikin mai ita. Don Allah kar ta aje ko ƙwaya ɗaya, musamman prednisolone, barin shi farat ɗaya yana iya kai mutum kwance a asibiti.

Magungunan da kika gani gaskiya ne akwai su, sai dai ɗora su ake a kan na da. Ko a wajen gwajin haka ake yi, kowa na ci gaba da shan maganinsa, sai a ƙara wa wasu sabon, wasu kuma a ba su allurar da ba magani a ciki, a bi su wajen sati 52 a ga su wa ciwon ya fi lafawa kuma su wa aka iya rage wa prednisolone. Ta haka belimumab ya samu amincewa a Amurka a 2011, bayan sama da shekara 50 ba a fitar da wani sabo don lupus ba. A 2021 anifrolumab ya biyo, da voclosporin na masu lupus ɗin da ya taɓa ƙoda. Dukkansu garkuwar jiki suke lafar wa, tunda ita ce ta juya tana yaƙar mai ita, shi yasa ake saurin kamuwa da wasu cututtukan, anifrolumab ma har yakan jawo ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki. Ga tsada ba kaɗan ba.

Ni kam kumburin fuskar nan ya fi damuna. Yana iya zama prednisolone ne, yana iya zama ƙoda ce, kuma lupus ya fi taɓa ƙodar mu baƙar fata. Ki duba fitsarinta da safe, in yana kumfa kamar an zuba omo ko ƙafa na kumbura, kar ku jira ranar da aka ba ku. Ku je asibitin Barau Dikko ko na Shika ku nemi ganin likitan gaɓoɓi, a gwada fitsari da jini, a duba mata ido saboda hydroxychloroquine ɗin, sannan ku tambaye shi ko za a sauya mata tsari a rage prednisolone a hankali. In za ta fita cikin zafin ranar nan ta riƙe lema saboda lupus ɗin.