Wuƙa mai lanƙwasa ta sassaƙa akushi: wacce za ka saya, yaya ake wasa ta

Ɗan'uwa, ka tambaya wace wuƙar ƙwaƙule cikin ludayi da akushi za ka saya, kuma taka da ta dakushe yaya za a yi da ita. To da farko duba hannunka, akwai ta dama akwai ta bahago, mai kaifi biyu kuwa ban ba sabon shiga shawara ba don babu inda za ka ɗora babban yatsa. Lanƙwasa ƙarama ta cokali ce, akushi yana son mai faɗi. In wuƙa samfurin Mora ta ƙasar Suwidin ta yi maka tsada je kasuwar Katako nan Yamai, maƙera su ƙera maka da ƙarfen resor na mota, yana riƙe kaifi sosai.

Wasawa kuma don Allah kar ka kai ta injin wasa, da ƙarfen ya yi zafi ya koma shuɗi shi kenan ya yi laushi. Bayanta ake gogawa a dutse mai laushi kana bin lanƙwasar, cikin kuma ka naɗa sanfefa a sanda ka share kaɗan kawai, sannan ka goga a fata. Shafa mai saboda tsatsa, damina ba ta raga wa ƙarfe.