Tambaya da Amsa: Ina masu ƙera inji masu zaman kansu suka shiga a gasar Formula 1?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Agege, kuma ina bin gasar tseren motoci ta Formula 1. Na lura cewa motar McLaren injin Mercedes take ɗauke da shi, alhali Mercedes abokiyar hamayyarta ce. Shin babu kamfanin da aikinsa ƙera inji kawai ya sayar wa kowa, ba tare da yana da motar tsere tasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A da akwai irin waɗannan kamfanoni, kuma a ganina rashinsu a yau babbar asara ce ga gasar.

Wanda ya fi shahara shi ne Cosworth na Ingila, wanda injiniyoyi biyu, Mike Costin da Keith Duckworth, suka kafa a 1958. Da kuɗin da kamfanin Ford ya zuba, fam 100,000, suka ƙera injin DFV mai silinda takwas da lita uku, kuma ranar da aka fara gwada shi a tsere, a ƙasar Holan a 1967, Jim Clark ya zo na ɗaya da shi a cikin motar Lotus. A matsayinka na mai aikin hannu, abin da zai burge ka shi ne ba ɗora injin aka yi a kan firam ba. An ɗaure shi ne kai tsaye a bayan mazaunin direba, aka kuma rataya giyabos da ƙafafun baya a jikinsa, sai injin ya zama shi ne ƙashin bayan motar, nauyi ya ragu ƙwarai.

Daga 1968 aka fara sayar da shi ga duk mai buƙata, kuma nan ne muhimmancinsa yake. Kamar yadda kake shiga kasuwar Ladipo ka zaɓi inji, ka biya, ka kawo gareji ka ɗaura, haka ƙaramar tawaga za ta sayi DFV, ta ƙera jikin mota da hannunta, ta fito ta kara da Ferrari. Da haka Tyrrell da McLaren da Williams suka yi ƙarfi, har Enzo Ferrari yana yi musu kallon raini yana kiransu masu gareji. Injin ya ci tsere 155, kuma da shi Keke Rosberg ya zama zakaran duniya a 1982. Bayansa an yi wasu irin su Hart da Judd da Ilmor, wanda daga baya Mercedes ta haɗiye sashensa na Formula 1.

Abin da ya kore su kuɗi ne. A 2014 aka koma inji mai silinda shida da lita 1.6, wanda ke haɗa ƙarfin fetur da na lantarki, kuma bincikensa yana cin dukiyar da sai babban kamfanin motoci ne zai iya jurewa, domin shi talla yake nema, ba ribar sayar da inji ba. Cosworth kuwa da cinikin yake rayuwa, shi ya sa 2013 ta zama shekararsa ta ƙarshe, tare da tawagar Marussia.

Illar hakan ta fito fili a 2015, lokacin da tawagar Red Bull ta samu saɓani da Renault mai ba ta inji, ta nemi inji a wurin Mercedes aka hana ta, domin ba wanda ke son ya ba abokin gaba makami. Gaskiya ne hukumar FIA mai kula da gasar ta gyara dokoki yadda dole a ba mai saye inji daidai da na mai sayarwa, kuma McLaren ta lashe kofin masu ƙera motoci a 2024 da injin Mercedes. Amma duk da haka hannun mai karɓa a ƙasa yake, domin mai injin ne ke tsara shi daidai da jikin motarsa tun farko, kuma idan ya ga dama ya tattara kayansa ya tafi, kamar yadda Honda ta yi a ƙarshen 2008. Red Bull ta gaji da wannan dogaro ta kafa masana'antar injinta, tare da Ford, domin dokokin 2026, sai dai ƙaramar tawaga ba ta da aljihun da za ta bi wannan hanyar.