Amsa ga mai son zuba ƙananan kifin siklid a tankin manya

Ɗan uwa, ka ce kana da manyan mbuna (wani irin kifin siklid ne) biyar a tanki mai lita 200, ka sayo 'yan ƙanana da ba su wuce santimita 2 ba, kana tambaya ko ka juye su ciki kawai. Gaskiya kar ka yi yanzu. Duk kifin da zai shige bakin babba to abinci ne, ba ruwansu da wai jinsinsu ɗaya. Ka ware musu ɗan tanki ko na lita 40 ne da filtar soso, a sati 3 zuwa 4 na farko za ka gane ko sun zo da cutar nan mai fararen ɗigo a jiki, don in ta shiga babban tanki kowa sai ya kamu. Ni dai ba na haɗawa sai sun kai kamar santimita 5, kuma wannan sai an yi 'yan watanni.

Ko sun girma ma akwai rigimar wurin zama. Mbuna 'yan Tafkin Malawi ne, cikin duwatsu suke zama, kowane namiji ya kama raminsa yana gadi, baƙo na shigowa zai bi shi da cizo har ya hana shi cin abinci. Shi ya sa ranar haɗawa nake fara ciyar da manyan su ƙoshi, in kwashe duwatsun kaf in sake jera su daban yadda kowa zai koma neman gida, in bar ƙananan lunguna da babba ba zai iya kutsawa ba, in sa ƙananan a leda da ruwansu ta yi minti 20 a saman ruwan don zafin ya zo ɗaya, sannan in sake su in kashe fitila sai gobe. Kuma a zuba biyar ko shida lokaci guda, in ɗaya ne tak duk a kansa za su taru.

Ba ka faɗi irin manyan naka ba. In yellow lab ne da sauƙi, in kuwa auratus ne, hmm, wannan ɗan daba ne, sai ka sa ido sosai. Wanda ka gani ya maƙale a kusurwar sama, wutsiya a yage, ba ya saukowa cin abinci, cire shi a ranar kar ka ce sai gobe. Kifi ya ƙaru kashi ma ya ƙaru, to ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati, ka kuma nemi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.