Amsar tambayarka kan zamanmu a Tailan

Salam ɗan'uwa. Na ga saƙonka, na bari sai na samu natsuwa don tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce an gaya maka a Tailan komai da kuɗi ake sayensa, wai mu da muka zauna duk auren takarda muka yi, kuma wai yaranmu ko gaisuwa da Hausa ba su iya ba. Wallahi ta ƙarshen nan ta sosa min rai, amma bari in fara da ta farko.

Cin hanci akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Amma yadda kuke zato a gida, wai mutum zai sauka Bankok ya miƙa na goro a buga masa tambari ya yi zamansa, wannan tunanin ne ya kai samari da yawa gidan tsare baƙi. Mu masu iyali a nan da takarda muke kwana da ita muke tashi. Duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake zaune. Mai gidan da kake haya shi ma sai ya cike wani fom, TM30, ya ce ga baƙo a gidansa. In bizar aure gare ka, duk shekara sai ka nuna bat 400,000, wato kuɗin ƙasar, a banki da sunanka ko samun bat 40,000 a wata, ka kai hotonka da matarka a falo, da wani a ƙofar gida yadda lambar gidan za ta fito, ka zana taswirar hanyar gidan da hannunka, kowace takarda a yi mata kwafi ka sa hannu, wani lokacin ma su zo har unguwa su tambayi maƙwabta ko da gaske tare kuke. In biza ta ƙare ka ƙara kwana, tarar bat 500 ce kullum har ta kai 20,000, in kuma kama ka aka yi to kora ce, a hana ka dawowa shekara 5 ko 10.

Ni ban ƙi wannan ba, ƙasarsu ce. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk tsananin nan a kan ƙaramin mutum da baƙo yake ƙarewa, amma inda rayukan jama'a suke, can ne ake kau da kai. Daren shiga 2009 gidan rawa na Santika a unguwar Ekkamai ta Bankok ya kama wuta, mutum sama da 60 suka mutu, yawanci a turmutsitsin neman ƙofa. Aka yi ta alkawari. A 2022 wani gidan, Mountain B a Sattahip, ya ƙone da mutum sama da 20, sai aka gano ashe da lasisin gidan abinci yake aiki. Wadda ta fi tsaya min ita ce ta 1 ga Oktoba 2024, motar 'yan makaranta daga Uthai Thani da suka fito yawon buɗe ido ta kama wuta a Pathum Thani, yara 20 da malamai 3 suka rasu. Tukunyar gas 6 aka yi wa motar rajista da ita, da aka duba aka samu 11, ita kanta motar ta haura shekara 50. To wa ya duba ta, wa ya sa hannu? Ranar matata wuni ta yi tana kuka don sa'o'in 'yarmu ne, ta ce ita ɗiyarta ba ta ƙara shiga motar makaranta zuwa wani gari. Sati biyu tsakani tankar mai ta fashe a Majiya ta Jigawa, muna zaune a nan muna jimami biyu, na can da na nan.

Sai 28 ga Maris 2025 da aka yi girgizar ƙasa a Myanmar, ta jijjiga Bankok, dogayen gine-gine suka yi ta rangaji amma suka tsaya, guda ɗaya ne ya zube ƙasa gaba ɗaya a Chatuchak, benen da ake gina wa ofishin binciken kuɗin gwamnati. Mutum sama da 90 suka mutu, da yawansu leburori 'yan Myanmar da suka zo neman abinci kamar mu. Ga kuma jikan mai Red Bull da ya take ɗan sanda da Ferrari a titin Sukhumvit a 2012, ya yi ta ƙin zuwa kotu har ya bar ƙasar a 2017. Su kansu 'yan ƙasar abin na ƙona musu rai, a 2020 da aka ce an janye tuhumar sai da surutunsu ya sa aka sake buɗe maganar.

Kar ka ɗauka duk ƙasar haka take fa. Wuta ba ta ɗaukewa, jirgin ƙasa na BTS mai bi ta saman gada a Bankok yana zuwa a kan lokaci, tun 2002 talakansu yake zuwa asibitin gwamnati da tsarin bat 30, yarana ma da shi ake duba su. Titi ne dai sai addu'a, musamman babur, lokacin bikin Songkran na Afrilu cikin kwana 7 ɗaruruwa suke mutuwa, ni a satin nan ba na barin kowa nawa ya hau hanya.

Mu yawancinmu 'yan dutse ne da 'yan kaya. Wasu suna kawo safaya ta Mambila da sauran duwatsu su kai kasuwar Chanthaburi ƙarshen mako, wasu suna kasuwar Pratunam ta Bankok suna ɗaure kayan sawa zuwa Kwari. Amma fasfonmu ɗaya da masu ƙwaya da masu yaudarar mata a intanet, kuma ɗan sanda ba ya bambance Bahaushe da wani, baƙar fata yake gani. A 2018 da aka yi ta samamen baƙi har tsoron fita sallar asuba muke. An taɓa tare ni da dare aka juye min jaka, takarduna cif, amma ɗayansu ya yi ta zagaye-zagaye yana maganar kuɗin shayi, na amsa masa da yarensu cikin ladabi na ce mu tafi ofis kawai, sai ya miƙo min fasfona. Shi ya sa dattawanmu suke da tsauri, sabon zuwa kafin a nuna masa kasuwa sai an duba bizarsa, in aka kama wani kan ƙarewar biza ana haɗa kuɗi bayan Juma'a a saya masa tikiti, amma in ƙwaya ce babu mai zuwa, kuma kowa ya sani tun ranar farko.

Maganar aure kuwa, matata musulma ce 'yar Pattani a kudancin Tailan, kakanninta musulmi ne tun kafin a haifi kakana, mahaifinta malamin tsangayarsu ne. Waliyyi ya ba ni, an yanka sadaki, shaidu sun shaida, daga baya muka je ofishin gunduma aka yi rajista. Wane auren takarda ne za ka yi jinyar surukinka a asibiti, ka ɗauki gawarsa a kafaɗa? Filin da muke ciki ma da sunanta yake don doka ba ta ba baƙo mallakar ƙasa, sai da na sa hannu cewa ba ni da haƙƙi a kai, kuma hankalina kwance. Ta iya tuwon shinkafa da miyar kuka, daddawa ce kawai take toshe hanci in na buɗe, alhali su ma suna da budu, ruwan kifin nan da ake tsimawa.

Kakana fatauci ya yi har Kumasi, ya zauna a zango ya auri 'yar can, ya haifi babana, ba wanda ya taɓa ce wa babana ba Bahaushe ba. Ina tuna wata gwangwanin alawa da Baba yake ajiyewa ƙarƙashin gado, takardun haraji ne a ciki na shekara da shekaru, har na kakan, in ya fito da su yana shanyawa ba ya yarda mu taɓa. A wurinsa na koyi riƙe takarda, ba a Bankok ba. Yarana kuwa gaskiya Hausarsu tana da karin yaren uwarsu, ƙaramin yakan haɗa namiji da mace a magana, amma suna durƙusawa su gaida babba, babbar ta kusa sauka, duk Juma'a suna waya da kakarsu a Jos. Abin da ke min ciwo shi ne in sun yi kuskure a waya sai a kwashe da dariya a ce kai 'yan Caina, yaron ya yi shiru ya miƙo min wayar, sati ya zagayo sai na lallashe shi kafin ya sake karɓa. Ku gyara musu mana, ai naku ne.

Shi ƙanin naka da ka ce yana son zuwa, don Allah kar ya ba ejan kuɗi a kan bizar yawon buɗe ido da sunan zai samu aiki, bizar nan ba ta ba da izinin aiki kuma ba ni da wata hanya da zan yi masa. In jari gare shi kuma sayayya zai yi ya koma, ya zo da tikitin komawa a hannu, zan tare shi a filin jirgi in sauke shi a gidana. Ya taho min da kuka da kuɓewa busasshiya. A gaida Hajiya da yara.