Waƙoƙin da Hausawan Sudan ke saurara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mu Hausawan Sudan muna jin waƙar Hausa kuwa, ko Larabci ya cinye mu gaba ɗaya. Amsar ta danganta da shekarun wanda ka tambaya, da irin taron da ka same shi.

Ka tuna mun daɗe a nan. Kakannin wasu sun baro gida bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har inda aka kafa garin Mai Wurno, kusa da Sinnar. Wasu hajji ya fito da su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka kama noman auduga a Jazira. Jikan irin wannan mutum da rediyon Omdurman ya buɗe kunne. Saboda haka in na ce maka Muhammad Wardi ne gwanina, kada ka ce na yar da gida. Banube ne, wato ɗan ƙabilar Nubiya ta arewacin Sudan, ya rasu a 2012, kuma har yau ban ji wanda ke jan murya ya sauke ta a hankali kamarsa ba. Bayansa sai Abdulkarim Alkabli, saboda zaɓen kalmominsa. Kiɗan Sudan a kan sautuka biyar aka gina shi, ya sha bamban da na Masar, shi ya sa yake shiga kunnen Bahaushe ba sallama.

Kuma muna da rabo a cikinsa. A'isha Falatiya, macen da ta fara waƙa a rediyon Omdurman a 1942, 'yarmu ce. A Kassala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo. Mahaifinta malami ne, bai so sana'ar ba ko kaɗan. Ka san yadda gidan malamai ke kallon roƙo, wannan ɗabi'a ta ƙetaro da mu har nan. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Yanzu har waɗanda ba sa son ɗiyarsu ta riƙe makirfo suna alfahari da ita.

Dattawanmu kuwa Shata ne nasu, sai Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. A kaset suka san su, a hannun matafiya. Ni ma ina tare da su a kan Shata, ko da yake rabin mutanen da yake wasawa ban san su ba. Amon kalangun ya ishe ni. Ranar biki mata gangar dalluka suke kaɗawa kamar sauran matan Sudan, a tsakiya wata tsohuwa ta jefo waƙar Hausa. Lokacin maulidi kuwa madahu ke tashe.

Samari wayar hannu ta haɗa su da Kano kai tsaye: Nura M. Inuwa, Hamisu Breaker, Ado Gwanja. Gaskiya ni muryoyin da na'ura ta gyara duk ɗaya nake jin su. Amma ba na kushewa, don yaron da Hausarsa rabi Larabci ce yanzu yana kawo kalmomin da ko ubansa ya manta. Waƙoƙin siyasarku ne dai ba su karɓu sosai ba, tunda ba mu san wa ake yi wa habaicin ba.