An rushe sashenmu, sun ce in sa hannu cikin kwana uku

Tambaya: Barista, shekara biyu da rabi ina yi wa wani kamfanin wasannin kwamfuta na Legas zane daga ɗakina a Hotoro. Kwatsam aka turo imel cewa an rushe sashenmu, haɗe da takardar da zan sa wa hannu cikin kwana uku a ba ni albashin wata ɗaya. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Guguwar ta daɗe tana kaɗawa. A Janairun 2024 Microsoft ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninsa bayan sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard, Sony kuma ya rage 900 a Fabrairu.

Kada ka sa hannu tukuna. Irin wannan takarda galibi tana ɗauke da layin da ke cewa ka yafe duk sauran haƙƙinka, kuma babu dokar da ta ɗaure ka da kwana ukun nan.

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata, a sanar da wakilansu dalili, a fara da wanda ya zo ƙarshe tare da duba ƙwarewa, a kuma tattauna kuɗin sallama. Sashe na 11 ya ba mai shekara biyu zuwa biyar notis na mako biyu. Sai dai akwai ƙaya a nan: sashe na 91 ya fitar da masu aikin ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", kuma lauyan kamfani zai ce mai zane irinka yana cikinsu. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai, domin samarinmu masu aikin fasaha yake cinyewa. Saboda haka takardar ɗaukarka aiki ita ce makaminka. Duba notis nawa ta tanada, me ta ce kan kuɗin hutu, kuma ma'aikaci ta kira ka ko ɗan kwangila.

Ko da ɗan kwangila ta rubuta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano, tana duba zahiri: wa ke yanka maka lokacin aiki, kuma albashi ake biyanka duk wata?

In ana cire maka fansho, Dokar Fansho ta 2014 ta ba ka damar karɓar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusun fanshonka bayan wata huɗu ba aiki.

Yau ɗin nan ka adana imel ɗin sallamar, takardun albashi da bayanan banki kafin a rufe maka akwatin imel na kamfani. Sannan ka rubuta musu cikin ladabi kana neman ƙarin mako biyu, ka kai wa lauya takardar ɗaukarka aiki da wadda suka ce ka sa wa hannu ya karanta.